Sunan da Minista Ya Bari

Allah ne ke ba da aron rai, kuma ba ya neman shawarar kowa ranar da zai karɓi abinsa. Ya karɓi na surukina, uban matar babban ɗana, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, da hantsi, bayan ya gama karanta jarida ya kuma yi wa mai jinya ƙorafin shayi ya huce. Mutumin Sifaniya ne. Ya koyar da ilimin tattalin arziki a jami'a, ya shiga siyasa, ya yi ɗan majalisa, ya yi minista a ƙasarsu. Allah ya jiƙansa. Da zuciya ɗaya nake faɗin haka, don ba sai wanda ya burge ka kake roƙa wa jinƙai ba.

Ni ɗan kasuwa ne. Yadi da leshi da mayafai nake saye a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina turawa Kaduna da Kano, da wannan sana'ar na yi gida na aurar da 'ya'ya. Da labarin rasuwar ya zo, sai na yi tunani irin na mutumin Zariya: minista ya mutu, ai gari zai tashi. Na sa aka kwashe kujerun falona na unguwar Sri Petaling aka shimfiɗa darduma har bakin ƙofa. Na roƙi maƙwabcina aron nasa falon saboda manyan baƙi. Maman yara da matan zumuntar cocinmu suka ɗora manyan tukwane. Na sauka da kaina na gaya wa mai gadi ya keɓe wuri don motocin jakadu, na dawo na sa babbar riga, kada jakada ya same ni a yamutse.

Jakada bai zo ba. Ofishinsa ya aiko da furanni. Jam'iyyar da ta yi shi minista ba ta ce uffan ba, wadda ya koma daga baya ta rubuta layi biyu a intanet. Cibiyar binciken da ta kawo shi Malesiya ta turo direba da kwandon lemo, direban ma bai hau sama ba. Waɗanda suka cika falon mutanenmu ne, 'yan Kaduna da Filato, da ɗaliban da ke bin ƙanshin tuwo duk inda ya tashi. A cikinsu babu wanda ya taɓa zama da mamacin.

Wata dattijuwa 'yar Jos, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta rungume matar ɗana tana cewa, "Sannu 'yata, ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana." Da ta gama sai ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Dattijo, wai da gaske minista ne?"

"Da gaske."

"To ina mutanensa?"

Na nuna mata furannin.

"Kai! A Jos ko mai facin taya ne ya mutu sai an rufe layi."

Wani ɗalibi ya durƙusa ya yi mini gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya ce, "Baba, ba shi ne Baturen nan da ya zo cin abincin Kirsimeti ya yi mana lacca kan farashin shinkafa ba? Eyya. Baba, abincin nan ya yi yawa lah, boleh tapau?" Da yaren Malesiya yake roƙon ƙunshi. Na ce ya ƙunsa ya tafi da shi, ya kira abokansa ma. Abincin jakadu ne, gara ya shiga cikin da zai gode.

Fasto kuwa gefe ya ja ni. "Dattijo, taimake ni da abu ɗaya na halinsa in ɗora wa'azi a kai."

"Yana zuwa wuri a kan lokaci."

"Sai me?"

"Yana kuma tashi a kan lokaci."

Fasto ya dube ni, ya girgiza kai, ya je ya yi wa'azi kan gajartar rayuwa.

Ranar uku da la'asar, da mutane suka watse, matar ɗana ta zo ta durƙusa gabana duk da nauyin cikin da take ɗauke da shi. Maman yara ce ta koya mata durƙuso da Hausa, ta kuma iya su fiye da wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Ta ce, "Baba, likita ya ce namiji ne. Ina roƙon a sa masa sunan babana. Ka ga dai yadda aka yi. Ya bar wasiyya a ƙona gawarsa, an ƙona, ko kabarin da za a rubuta sunansa babu. In ba a gidan nan ba, babu inda za a ƙara faɗin sunan."

A gidanmu uban miji ne ke raɗa suna, ta kuma sani. Suna a wurinmu ba ado ba ne. Tsofaffinmu suna cewa yaro yakan kwaso halin takwaransa. Ban ce na yarda da wannan ɗari bisa ɗari ba, amma ban taɓa ganin wanda ya sa wa ɗansa sunan ɓarawon unguwa don ya gwada ba. Na ce ta tashi, zan yi tunani. In zan sayi yadi ba bakinsa kawai nake dubawa ba, warware bandir ɗin nake yi har ƙarshe in duba ciki da waje. Haka na yi wa surukina a makonnin da suka rage kafin haihuwa, ga kuma abin da na gani.

Farkon haɗuwarmu ranar neman aure ce. Ɗana ya san yarinyar a jami'ar da ke Lembah Pantai, shi yana karatun digiri na biyu, ita tana koyar da harshensu. Na ɗauki dattawa biyu na coci, da goron da na sa aka zo da shi takanas daga Kano, muka tafi gidan ubanta, can saman wani dogon bene mai wurin ninkaya. Bangon falon cike da hotuna: shi da shugaban ƙasa kaza, shi da sarkin ƙasa kaza, shi yana yanke ƙyalle, shi yana ɗaga yatsa a majalisa. Na nemi hoton matarsa mai rasuwa da ido, sai a kan firji na hango shi.

Da Turanci muke magana, nasa na littafi, nawa na kasuwa. Muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya ɗauki goro ɗaya ya jujjuya, ya tambayi inda ake noma shi da hannu nawa yake bi kafin ya kai Kano. Daga nan ya gyara zama.

"A gefe guda," ya ce, "auren mutanen nahiyoyi biyu abin maraba ne. A ɗaya gefen kuma, akwai abubuwan da sai an auna."

Ya kuwa auna su. Ya auna har kofi ya ƙare aka dafa wani, har dattijon da ke damana ya fara gyangyaɗi. Ban ji ya ce ya bayar ba, ban ji ya ce ya hana ba. Can sai yarinyar ta fito daga kicin ta dube ni ta ce, "Ya yarda. Haka yake yarda." Ranar biki kuwa shi ya fi kowa daɗewa da makirufo, yana cewa tun ranar farko ya hango wannan aure gada ce tsakanin Turai da Afirka.

A ranar na gane sana'arsa. Ni yadi nake sayarwa. Shi jira yake ya ga inda abu zai faɗi, sannan ya je ya tsaya a wurin a ɗauke shi hoto.

Tarihinsa iri biyu na ji shi: wanda yake bayarwa da bakinsa a kowane zama, da wanda 'yarsa ta riƙa ba Maman yara kaɗan-kaɗan a kicin. Ɗan ma'aikacin masaƙa ne, daga wani ƙaramin gari da masaƙar ce ke ciyar da kowa a cikinsa. Ƙarar inji ta ci kunnen ubansa, kuma da aikin ƙarin lokaci tsohon ya tura shi jami'a. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba zan hana shi ba. Ya zama malami, ya rubuta littafi kan wahalar ma'aikata, aka karanta shi a garinsu da alfahari. Jam'iyyar da ke cewa ta ma'aikata ce ta ɗauke shi, mutanen garin suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suka zaɓe shi. Da aka ba shi ma'aikatar da ke kula da masana'antu, har rawa aka yi a bakin masaƙar.

Takardun da ya sa wa hannu ne suka rufe ta, ita da wasu irinta.

Shi bai taɓa cewa ya rufe komai ba. Cewa yake an sake tsari. Abin da ya yi kyau, shi ya yi. Abin da ya ɓaci, an yi. Da jam'iyyar ta fara faɗuwa ya koma wadda ya shekara yana zagi, ya ce ba shi ya bar jam'iyya ba, ita ce ta bar shi. Da siyasa ta gama da shi, kamfanonin da ya sayar wa kayan gwamnati suka ba shi kujeru, ya zauna a kansu har aka gaji da ganinsa. Sannan ya zo Malesiya yana ba da shawara, inda babu wanda ya san garinsu.

Wani zai ce me ya dame ni da masaƙar Turawa. Yayana, wanda ya riƙe ni bayan mutuwar ubanmu, a masaƙa ya yi aiki a Kakuri tun yana saurayi. Na san yadda ƙofar masaƙa take in an sa mata kwaɗo. Na san yadda mutum mai furfura, wanda ya saba jiniya ta kira shi aiki, yake koyon acaɓa a tsakiyar sa'annin 'ya'yansa. Saboda haka duk lokacin da surukina ya ce an sake tsari, yana yanka nama da wuƙa da cokali mai yatsu, fuskar yayana nake gani.

Na taɓa tambayarsa, "Ranka ya daɗe, mutanen da aka sallama, ina suka tafi?"

"Tattalin arziki ya shanye su."

"Shanyewa irin ta ƙasa da ruwa?"

"Abokina, kai mutum ɗaya-ɗaya kake kallo. Minista dole ya kalli duka."

"To da ka kalli duka, ka ga babanka a ciki?"

Ya ajiye cokali ya ce lokacin wannan maganar bai yi ba tukuna. Wannan ita ce mafakarsa ta biyu bayan "a gefe guda". Ko hanyar bayan gida ka tambaye shi, in ya ga amsar za ta ɗaure shi, lokaci bai yi ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ilimin na gaske ne. In aka bar shi yana hira ba tambayarsa aka yi ba, zai gaya maka inda kuɗin ƙasa kaza ya dosa, kuma haka za a yi. Ni kaina na amfana da abin da kunnena ya tsinta a irin wannan hira. Amma ka tsare shi ka ce, "In tura kaya wannan watan ko in dakata?" sai ya narke. Na ce masa wata rana, "Kai da ka sani, me ya sa ba ka faɗa ƙarara?" Ya yi murmushi ya ce, "Wanda ya faɗa ƙarara ana iya kama shi gobe." Ba da kunya ya faɗa ba. Da alfahari ya faɗa, kamar mai ba ni sirrin sana'a.

Ya daɗe da barin mulki, amma mulki bai bar jikinsa ba. In ɗana ya zo ɗaukarsa, zuwa yake ya tsaya jikin ƙofar baya, hannu a aljihu, yana kallon sama, sai an zagayo an buɗe. Ba da gangan yake yi ba, kawai ya manta ƙofar mota tana da mariƙi. In muka zauna shan shayi a kedai na mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawan garin, zai tambayi mai kawo abinci daga wace ƙasa yake, sannan ya tsare shi da bayanin abin da ya karya kuɗin ƙasarsu, mutumin yana tsaye da faranti mai zafi a hannu. Duk zuwan da muka yi wurin bai taɓa tambayar sunansa ba. Tuwo kuwa bai taɓa ci ba, sai dai ya yaba. Maman yara ta ce, "Baban yara, wannan yabon na ƙyama ne, ka daina sa ni zuba masa."

Faɗanmu na gaske sau ɗaya ne. Akwai lokacin da wasu gidajen bene a garin nan suka riƙa rataya ƙyalle a ƙofa, wai ba a ba 'yan Afirka haya. Maganar ta iso benen surukina. Ranar nan ɗana ya kai masa maganin hawan jini, masu gadi suka tsayar da shi a rana suna jujjuya fasfonsa, mutumin da suka sha gani yana shiga da matarsa. Aka kira sama. Surukina ya ce a karɓi maganin a hawo masa da shi.

Ɗana bai gaya mini ba, matarsa ce ta faɗa tana kuka. Ta ce za a yi taron mazauna benen a kaɗa ƙuri'a kan dokar, kuma mutanen suna ganin girman ubanta, in ya ce a'a da yawa za su bi shi. Ta raka shi taron da kanta. Uban ya miƙe, kowa ya kasa kunne. Ya yi magana kan mutuncin ɗan Adam har wasu suka sunkuyar da kai. Sannan ya yi magana kan darajar gidaje a kasuwa har suka ɗago. Da aka zo ɗaga hannu, nasa duka biyun suna kan gwiwa. Doka ta wuce.

Washegari na rufe shago na tafi. Masu gadi suka tsayar da ni ni ma. Na ce su gaya wa minista surukinsa yana ƙasa, kuma ba magani ya kawo ba balle a karɓa a hau da shi. Ya sauko da takalmin ɗaki.

"Ranka ya daɗe, jiya hannunka ciwo yake?"

"Abokina, ba ka san yadda ake tafiyar da taro ba. Da na ƙi, da na rasa damar gyara abin daga ciki."

"Yaushe za ka gyara?"

"Sai ƙura ta lafa."

"Jikanka in aka haife shi, ta wace ƙofa zai shiga?"

"Jikana ai daban ne."

"Launina zai biyo, ba naka ba. Mai gadi ba ya tambayar yaro waye kakansa."

Ya ce abin yana yi masa zafi ƙwarai, kuma zai rubuta wani abu a kai. Har yau ban ga rubutun ba. Daga ranar ban ƙara taka benen ba. Ɗana kuwa ya ci gaba da kai magani yana miƙa wa mai gadi, don shi uwarsa ya biyo.

Yanzu zan faɗi abin da ke ɗaya gefen, tunda shi ya koya mini.

Muna cikin wannan gabar yayana ya rasu a Kaduna. Ni kuma ina jinyar aikin da aka yi mini a ciki, likita ya hana ni hawa jirgi. Aka binne mutumin da ya raine ni babu ni. Muka yi zaman makoki a nan falon. Safiyar farko sai ga surukina shi kaɗai, a tasi ya zo, ban san wanda ya buɗe masa ƙofa ba. Ya cire takalmi. Aka kawo masa kujera ya ƙi, ya sauka ƙasa da gwiwoyinsa masu ciwo, sai da aka tallafe shi. Ya ce, "Sannu. Ya haƙuri?" da wata Hausa mai karyayyen baya da ya sa 'yarsa ta koya masa.  Mutumin da ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya yi shiru har yamma. Washegari ya dawo. Rana ta uku ma ya dawo.

A rana ta ƙarshe, falo ya rage daga ni sai shi, ya ce, "Ni ma ban binne babana ba."

Na juyo na dube shi.

"Lafiyata ƙalau lokacin, ko jirgi ba na buƙata, tafiyar mota ce. Ƙannena suka aiko cewa in ina son a binne shi lafiya, kada in zo garin. A shekarunsa na ƙarshe in na kira waya sai ya ce kunnensa ba ya ji. Da sauran 'ya'yansa yana ji."

Idonsa ya ciko. Na kama hannunsa. A wannan lokacin na yafe masa taron bene, na yafe masa tsayuwar ɗana a rana. Da ya tsaya a nan, da wani rubutu daban kuke karantawa. Sai ya share ido ya gyara murya ya ce, "Amma alƙaluma sun nuna daidai na yi. Da za a sake, haka zan yi."

Na saki hannun.

Amma zaman dai ya zauna. Tsoho a ƙasa, don yayan wani da bai taɓa gani ba, kuma babu mai ɗaukar hoto. Na juya abin ta ko'ina in ga ribar da ya ci ban gano ba, don haka na bar shi a matsayin alheri.

Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti. Ya rame, amma gashin nan a taje. Ya ce, "Abokina, kai mai faɗin gaskiya ne. In na tafi me za ka ce a kaina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin wannan maganar bai yi ba tukuna."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wannan ce kaɗai dariyar da muka taɓa yi tare.

Aka haifi yaron lafiya. Ana saura kwana kaɗan suna, Maman yara tana suyar cincin ta kira ni kicin.

"Baban yara, ka yanke?"

"Ba na son sunan."

"Kai za ka amsa shi? Yarinyar nan ba uwa ba uba, ta bar ƙasarsu, ta durƙusa maka da ciki. Ka sa sunan kawai, ai ba kira za a yi ba. Sai mu riƙa ce masa Abba, sunan ya kwanta a takarda. Ita ta samu abin da ta roƙa, kai kunnenka ya huta."

Haka al'adarmu take. Yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiran sunansa gatsal. Uwar ba za ta kama sunan ubanta ba, uban ba zai kama sunan surukinsa ba. Sai a yi masa laƙabi a riƙa lallaɓa shi. In ya yi ɓarna ka ɗaga hannu, sai wani ya ce, "Haba, babanka za ka daka?" Na ga irin yaran nan da yawa, wasunsu har su yi gemu ba wanda ya taɓa yi musu tsawa da cikakkiyar murya.

Dabarar Maman yara tana da kyau a ido. Amma da na juya ta sai na ga surukina ne zaune a cikinta: ba a bayar ba, ba a hana ba. Yarinyar ta roƙi a riƙa faɗin suna, mu kuma mu karɓa mu rufe shi. Yaron kuma ya tashi ba mai kiransa kai tsaye. Abin da ya lalata mutumin ke nan. Tun da ya bar garinsu ba wanda ya ƙara kama sunansa. Dakta, Farfesa, Mai Girma Minista. Ni kaina ko zaginsa nake yi da "ranka ya daɗe" nake farawa.

Ranar suna da safe falo ya cika. Fasto ya yi addu'a, ya juyo ya tambaye ni sunan yaro. Na faɗe shi da ƙarfi, yadda na sa ɗana ya yi ta maimaita mini har harshena ya kama. Matar ɗana ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Dattijuwar nan 'yar Jos ta rangaɗa guɗa ta ce, "Baba ya dawo! Sannu da zuwa, Abba!"

Na ce, "A'a. Babu Abba."



"Da sunansa za a kira shi. Uwarsa ta kira, ubansa ya kira. In za a aike shi, da sunan za a aike shi. In kofi ya fashe, da sunan za a tambaye shi wa ya fasa, kuma zai ce shi ne ko ba shi ba ne."

Maman yara ta dafe ƙirji. "Baban yara! Ɗanka ya kama sunan surukinsa a baki, a gaban mutane? Ina kunya?"

"Kunyar da muka yi wa mai sunan ta isa."

Ɗana ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, bakina ba zai iya ba."

"Zai koya."

Matar ɗana ta sauke mayafin. "Baba, har ni?"

"Ke za ki fara, 'yata. Ke kika roƙa."

Ta sunkuya kan jaririn ta faɗi sunan a hankali. Ta sake faɗa, wannan karon kowa ya ji. Sannan ta yi dariya da hawaye a fuska, ta miƙo mini shi.

Na karɓe shi na kira sunan tsurarsa. Na ce, "Kai, da kai nake. A gidan nan in an yi tambaya amsawa ake yi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya buɗe baki ya tsala ihu har maƙwabta suka ji. Na ce wa Fasto ya zama shaida, yau ne karo na farko da na samu amsa kai tsaye daga mai wannan suna.

Wanda ya tafi, Allah ya yi masa sassauci, don yana buƙata. Wanda ya zo, Allah ya raya shi. Saura kuma aikinmu ne.